Jar tutar da na gani a Liverpool, da maganar mutanen teku

Abba Liverpool: Salam jama'ar gida. Yau da safe ina hanyar zuwa aiki na bi ta bakin ruwa sai na ga an ɗaga wata tuta da ban saba gani ba, ja ce jawur sai ƴar tutar Birtaniya a kusurwar sama. Na ɗauka harkar ƴan ƙwallo ce don kun san garin nan komai nasu ja ne. Da na ƙarasa wajen Pier Head sai ga wasu tsofaffi a tsaitsaye cikin iska, wani da sanda wani a keken guragu, ƙirjinsu duk lambobin yabo, an ajiye furanni kowa ya yi tsit. Na tambayi wani dattijo lafiya? ya ce yau 3 ga Satumba, ranar ma'aikatan jiragen ruwan kasuwa ce, wai Merchant Navy Day, tutar kuma sunanta Red Ensign, ita jiragen dakon kaya na Birtaniya ke ɗagawa. Ba sojan ruwa ba fa, masu dako. Wlh tun ɗazu abin ke raina, mu muna da irin wannan kuwa?

Kwamared: Hhhh wato direbobin tirela na ruwa ake wa biki. Turawa dai ba su rasa abin yi ba. Gobe kuma sai a ce ranar masu tura baro

Hajiya Mai Atamfa: Kai Kwamared ka iya bakinka. Wayar da kake mana surutu da ita a kan jaki aka kawo ta? Ni da nake jiran kwantena biyu yanzu haka na san darajar mutanen nan, in jirgi ya yi lattin sati uku a Kwari har farashin yadi sai ya motsa

Kwamared: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya wasa nake. Amma dai me ya sa 3 ga Satumba?

Malam Mai Tarihi: Wa alaikumus salam. Abba ka ga abu mai kyau. Ranar 3 ga Satumba 1939 ce Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, to a wannan ranar da yamma jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi wani jirgin fasinja mai suna Athenia, yana hanyar Kanada, kuma har nan Liverpool ya tsaya ya ɗebi mutane kafin ya fita. Sama da mutum 100 suka mutu, fasinja da ma'aikata. Kun ga ke nan jinin farko da aka zubar musu a teku ba na soja ba ne. Daga nan har ƙarshen yaƙin a 1945 ma'aikatan jiragen kasuwa sama da 30,000 suka halaka, don ƙasar tsibiri ce, alkama da man fetur da nama duk ta ruwa suke shigowa, Jamus kuma ta ce bari ta toshe musu maƙogwaro yunwa ta gama da su. Mutanen nan ba kaki gare su ba, kuku ne da mai zuba gawayi a tukunyar inji da mai goge bene, amma su ake nema da harbi.

Malam Mai Tarihi: Abin da zai ba ku haushi ma, a farkon yaƙin idan aka nutsar da jirginka to daga wannan lokacin albashinka ya tsaya. Kana cikin ƙaramin kwalekwalen ceto kana fama da sanyi kwana da kwanaki, a takardar kamfani kai ba ka bakin aiki tunda jirgin da aka ɗauke ka dominsa babu shi. Sai a 1941 aka gyara dokar

Maman Ilham: Innalillahi. Wannan ai zalunci ne tsagwaronsa

Kwamared: Toh Malam yaushe suka fara bikin?

Malam Mai Tarihi: A 2000

Kwamared: Kun ji ko. Shekara 55 bayan an gama yaƙi, lokacin da yawancinsu sun riga sun mutu. Ihu bayan hari. An hana ka albashi kana raye an ba ka fure kana kabari, ni fa shi ya sa irin bukukuwan nan ba sa burge ni

Abba Liverpool: Gsky kana da magana, amma da ka ga fuskar dattijon da na yi magana da shi ba za ka ce haka ba. Hannunsa na rawa yana gyara hula amma ya ƙi zama. Ya tambaye ni daga ina nake na ce Najeriya, sai ya yi murmushi ya fara lissafo min Apapa, Takoradi, Freetown, Fatakwal, ya ce yana saurayi ya yi ta zirga-zirga a layin nan. Har ya ce min ya san warin gyaɗa a cikin rumbun jirgi. Ni da aka haifa a Fagge ban taɓa ganin dalar gyaɗa ba sai a hoto, Bature ɗan Liverpool ne yau yake ba ni labarin warinta

Malam Mai Tarihi: Ai ba mamaki. Kamfanin Elder Dempster hedikwatarsa a garin da kake take, su suka riƙe layin Afirka ta Yamma shekara da shekaru. Tunda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta samu hanya, irin su Alhassan Ɗantata su tara, a loda a tarago zuwa Ikko, daga Apapa a zuba a jirgin ruwa sai Ingila. Fata da ƙirgi da auduga da kuzar Jos duk haka. Ɗalibanmu na farko da suka je karatu Ingila ma da yawa a jirgin ruwa suka tafi, akwai wani mai suna Aureol da ya yi ta jigila tsakanin Legas da Liverpool har 1972, kusan sati biyu ana tafiya. Kuma jiragen nan cike suke da baƙaƙen fata, musamman ƙabilar Kru na Laberiya da Saliyo da kuma mutanen kudancin Najeriya, su ne a ɗakin inji da kicin, albashinsu kuma bai kai na Bature ba ko da aiki ɗaya suke yi. Lokacin yaƙi ruwa bai tambayi launin kowa ba. A 1942 an nutsar da jirgin kamfanin mai suna Abosso, mutum 362 suka tafi

Kwamared: To su baƙaƙen ana ambatonsu a bikin ko dai tutar ta Turawa ce zalla?

Abba Liverpool: Akwai ƴan alluna a bakin ruwan na tunawa da baƙi da suka yi aiki, na ga na ƴan Chana ma. Shi wannan labarinsa daban ne, an gama yaƙi kawai aka tattara ma'aikatan jirgi ƴan Chana aka mayar da su gida da ƙarfi a 1945 da 1946, wasu sun yi aure a nan sun haihu, matan suka ɗauka guduwa mazan suka yi. Sai bayan shekaru masu yawa gaskiya ta fito

Malam Mai Tarihi: Kafin nan ma a 1919 an yi tarzoma a Liverpool ɗin, aka far wa baƙaƙen ma'aikatan jirgi wai sun ƙwace wa ƴan gari aiki, har aka kashe wani matashi Charles Wotten a bakin tasha, shi ma ya yi aikin jirgi lokacin yaƙin farko. Don haka Kwamared ban ce ka yi ƙarya ba. Sai dai su sun dawo sun rubuta abin a bango, mai wucewa ya karanta ya ji kunya

Jikan Ɗan Bama: Ku bari in sa baki. Kakana yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama, kuma wlh har ya rasu bai fi ba mu labarin daji ba kamar labarin jirgin ruwan. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin garinsu ba aka zuba su a jirgi daga Legas, ya ce kwana uku na farko babu wanda ya iya riƙe abinci a cikinsa, kowa na kwance yana salati, da dare kuma an hana kunna ko ashana don kar jirgin Jamus ya hango su. Ya ce akwai wani baƙin mutum mai aiki a ƙasan jirgin, ba ya jin Hausa su ba sa jin yarensa, kullum sai ya hau da busasshen biskit ya miƙa musu ya nuna musu da hannu su riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa jirin zai ragu. Kakana bai san sunansa ba, “mutumin gawayi” kawai yake ce masa, kuma in yana addu'a bayan sallah yakan sa shi

Maman Ilham: Allah sarki. Allah ya jiƙansu baki ɗaya

Ɗan Yawuri: Salamu alaikum. Yanzu netwok ya kama, mun yi anga muna jiran layi, na buɗe waya na ga ana maganarmu sai da na yi dariya. Kwamared direban tirelar ruwa na gaishe ka

Kwamared: Kai!! Injiniya ashe kana nan, na shiga uku. Wlh na manta a guruf ɗin nan akwai mutumin teku

Ɗan Yawuri: Ai shi ne matsalar, kowa mantawa yake. Ba laifinka ba ne, direban tirela kana ganinshi a Tafa ko Mararraba yana shan shayi, mu kuwa wa ke ganinmu? Wata bakwai ke nan rabona da gida. Ni a ɗakin inji nake, awa 4 aiki awa 8 hutu a takarda, amma in famfo ya lalace babu wani hutu. Zafin wurin yakan wuce digiri 40, ƙara kuma sai ka toshe kunne, in za ka yi wa na kusa da kai magana sai da hannu. Ka fito kayanka sun jiƙe sharkaf da gumi da baƙin mai. Sallah kuwa alƙibla ba ta zama wuri ɗaya, ka duba da azahar tana nan, la'asar jirgi ya juya ta koma can, in teku ta tashi a zaune nake yi don in ka yi ruku'u sai ka tsinci kanka a jikin ƙofa. Azumin bana ni kaɗai ne musulmi cikin mu 22, kukunmu ɗan Filifins shi ke ajiye min abincin sahur a rufe ba tare da na roƙe shi ba

Hajiya Mai Atamfa: Sannu ɗana, Allah ya yi albarka ya dawo da kai lafiya. Jirgin na Najeriya ne?

Ɗan Yawuri: Amin Hajiya. Ina fa. Mai jirgin ɗan wata ƙasa ne a Turai, kyaftin ɗan Indiya, tutar da ke bayanmu kuma ta Laberiya ce alhali jirgin bai taɓa zuwa Monrobiya ba tunda na hau. Haka harkar take yanzu, Laberiya da Panama da tsibiran Marshall su ke kan gaba a rajistar manyan jiragen duniya saboda sauƙin haraji da dokoki. Ofishin rajistar Laberiyar ma a Amurka yake. To ka ga in an ce a karrama jiragen ƙasa, ni wace ƙasa za ta karrama ni?

Abba Liverpool: Tambayata ke nan tun farko. Mu ba mu taɓa yin namu jiragen ba ne?

Malam Mai Tarihi: Mun yi mana, yaran yanzu ne ba ku sani ba. A 1959 ana jajibirin samun ƴanci aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL. Da farko gwamnati na da kashi 51, sauran na Elder Dempster da Palm Line, a 1961 gwamnati ta saye duka. Ku ji sunayen jiragen: Dan Fodio, King Jaja, Oduduwa, El Kanemi, Herbert Macaulay, daga baya aka yi Nnamdi Azikiwe da Ahmadu Bello. Sannan aka koma sa musu sunayen koguna, River Niger, River Benue da sauransu. Da kuɗin mai ya zo a 1977 aka ba da odar sababbi 19 daga Koriya ta Kudu da Yugoslabiya, wajen 1979 muna da jirgi 24 masu shiga teku da tutar kore fari kore. Ghana ma Nkrumah ya yi nasu Black Star Line tun 1957

Jikan Ɗan Bama: Tsaya Malam. Jirgin ruwa mai suna Ɗan Fodiyo?? yana shiga Ingila?

Malam Mai Tarihi: Ƙwarai, da sunan a rubuce ɓaro-ɓaro a goshinsa

Abba Liverpool: Kai jikina har ya yi yarr. Wato wataƙila a bakin ruwan nan da nake wucewa kullum an taɓa ɗaure jirgi mai sunan Shehu da mai sunan Sardauna, ni kuma ban sani ba sai yau

Kwamared: To ina suke yanzu? tunda an fara a ƙarasa

Malam Mai Tarihi: Bashi da rashin gyara da sa hannun ƴan siyasa a harkar. Duniya ta koma kwantena mu muna riƙe da jiragen da ba su dace da ita sosai ba, kuɗin da ke shigowa ba ya komawa cikin jiragen. Aka kai matsayin da jirginmu zai shiga tashar wata ƙasa a riƙe shi saboda bashi. A 1989 ɗaya daga ciki, River Gurara, ya nutse a gaɓar Fotigal aka rasa rayuka. A 1995 aka rushe kamfanin gaba ɗaya aka sayar da abin da ya rage. Tsofaffin ma'aikatansa kuma kun sha gani a jarida shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na fansho

Kwamared: Shi ke nan magana ta ƙare. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Ba jirgi, ba fansho, sai mu ware rana mu ɗaga tuta mu karrama me? Ni na san yadda za a yi, a kama otal a Legas a buga riguna da hula a yi jawabi a raba shinkafa a kwali, wanda ya yi shekara 30 a ɗakin inji ko katin gayyata ba zai gani ba

Maman Ilham: Kwamared ni ban yarda da kai ba a nan, kuma bari in faɗa maka dalili don ni a cikin abin nake. Baban Ilham aikin jirgi yake, shekararmu 9 da aure in ka haɗa kwanakin da ya yi a gida ba su kai shekara 4 ba. An haifi Ilham yana teku, an yi suna yana teku, hotonta ya fara gani sai da ta yi kwana 12 don babu netwok. Lokacin korona kwantiraginsa ya ƙare amma babu ƙasar da ta yarda su sauka, wata 6 ya koma wata 14, yarinya ta daina gane muryarsa a waya. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ke min ciwo shi ne a unguwa ba wanda ya san mene ne aikin, wata maƙwabciya har cewa ta yi wai mijina kamun kifi yake a Legas ya ƙi faɗa, wasu kuma gani suke gudu ya yi ya bar ni. Matar soja in mijinta na daji kowa na tausaya mata ana yi mata sannu. Ni ko sannu babu. In da akwai ranar da za a faɗa a rediyo da Hausa cewa ga wasu mutane can ga abin da suke yi, wlh ni ya ishe ni ko ba a ba mu ko sisi ba

Hajiya Mai Atamfa: Sannu ƴata. Kin ji na fara, sannu da haƙuri

Kwamared: Maman Ilham ki yafe ni ban san haka abin yake ba. Amma dai ina nan kan bakata cewa a biya mutane haƙƙinsu tukuna

Ɗan Yawuri: Ku duka kuna da gaskiya ai. Zancen korona da ta yi, a 2020 an ƙiyasta mutum wajen 400,000 ne suka maƙale a jirage haka, duniya na kulle a ɗaka tana cin abincin da muke kawowa amma ba a yarda mu taka ƙasa ba. Ranar ma akwai ta fa, 25 ga Yuni, hukumar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta, kuma NIMASA, hukumar harkokin teku ta Najeriya, na yin taro a kanta. Sai dai duk a bakin teku abin ke ƙarewa da Turanci, ko a labaran rana na gidajen rediyonmu ban taɓa jin an ambata ba. Indiya na da tasu 5 ga Afrilu, Amurka 22 ga Mayu, kowa ya ɗauko ranar daga tarihin wani jirginsa

Bamaraɗe: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina ta karatu ban ce komi ba. Mu nan Nijar ko tabkin kirki ba mu da shi balle teku, amma ku zo kasuwar Maraɗi ku gani, shinkafa da taliya da babura da gwanjo duk daga bato suka sauko. Kamyo ke ɗauko su daga Kwatano ko Lome, kilomita sama da 1,000, a bi duwan bayan duwan. Da anka rufe iyaka a 2023 kaya sunka maƙale a tasha munka ga tashin hankali, har magani sai da ya yi wuya. Ranar na gane cewa wanda bai taɓa ganin teku ba ma a bakinta yake cin abinci. Ni in za a yi ranar a sa da mu

Kwamared: Bato kuma?

Bamaraɗe: Jirgin ruwa mana, ku da kuka yi boko da Ingilishi hhh

Auta: Yayyena don Allah ni tambaya gare ni ba gardama ba. Na gama karatun harkar jirgin ruwa shekara 3 ke nan, satifiket na hannu amma an ce sai na yi wata 12 a kan jirgi a matsayin ɗalibi kafin in zauna jarabawar lasisi, kuma babu jirgin. Mun fi mu 40 a ajinmu waɗanda suka samu gurbi ba su kai 10 ba. Wani ejan a Legas ya karɓi kuɗina ya ce sati biyu, yau wata 8 wayarsa a kashe. Yanzu POS nake yi a bakin tasha. Yaya Injiniya ya kuka yi kuka samu?

Ɗan Yawuri: Ƙanena wannan ciwon duk mun sha shi. Ka ga illar rashin jiragen ƙasa ke nan da ba a gani, da can jirgin gwamnati shi ne makarantar, a nan manyan kyaftin da injiniyoyinmu na farko suka koyi aiki. Yanzu ana yaye yara daga makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron da sauran wurare babu inda za su hau. An yi dokar kabotaj a 2003 wai jigilar cikin ruwanmu ta zama ta ƴan ƙasa, har da asusun taimaka wa masu sayen jirgi, amma ka zo bakin ruwa ka ƙirga da idonka. Ni a ƙaramin jirgin da ke kai wa rijiyoyin mai kaya na fara, ina kankare tsatsa ina fenti wata 5 ba albashi. Na taɓa yin wani jirgin da mai shi ya gudu ya bar mu a anga wata 4, ba kuɗi ba man janareta, ruwan sama muke tara a duro muna kama kifi da ƙugiya, fasfo ɗinmu na hannun ejan, sai da ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan sufuri ta duniya ta shiga maganar anka sallame mu da rabin kuɗinmu. Kar ka ƙara ba kowa kuɗi don gurbi. Ka min magana ta gefe in na sauka in ga abin da Allah zai yi

Auta: Na gode Yaya Allah ya saka da alheri

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa tsorona ƴan fashin teku, ana cewa ruwanmu ya fi ko'ina

Ɗan Yawuri: Da kam haka ne Hajiya. A 2020 cikin ma'aikata 135 da anka sace a tekunan duniya 130 a mashigin Gini ne, wato ƙofar gidanmu. In mun doso yankin sai a zagaye jirgi da waya mai reza a kulle ƙofofi, kowa ya san ɗakin da zai gudu ya ɓuya. Yanzu ya yi sauƙi sosai tun wajen 2021 da anka ƙara sintiri. Amma ruwan kanshi ya ishe ka tsoro. Kun tuna Harrison Okene? kuku ne a wani jirgi mai jan jirage da ya kife a 2013 a ruwan Najeriya, ya nutse ƙasa wajen mita 30, su 12 ne shi kaɗai ya rayu, kusan kwana 3 yana cikin duhu a ɗan wurin da iska ta maƙale, masu ninƙaya sun je ɗebo gawa sai hannu ya kamo su. Duniya duk ta kalli bidiyon. A wata ƙasar da tuni yara na karanta shi a makaranta

Jikan Ɗan Bama: Ni kuma tunda ana maganar mutanen ruwa kar a manta da namu na gida, masu fito a Kwara da Binuwai. Kowace damina sai kwalekwale ya kife da ƴan kasuwa ko ƴan biki, na Warra a 2021 da na Patigi a 2023 mutum nawa suka tafi? ko rigar ruwa babu

Ɗan Yawuri: Kar ka taɓo min wannan, a bakin ruwan nan na tashi, babana fito ya yi har ya tsufa. Shi ya fara koya min karanta ruwa kafin wani Bature

Admin: Jama'a maganar kwalekwale babba ce a buɗe mata nata zaren daban kar wannan ya watse. A nan tambayar Abba ita ce a yi ranar ko kar a yi

Kwamared: Ni na sassauto amma da sharaɗi. Kar a ce gwamnati, mu nan mu yi. Ranar 25 ga Yuni Malam ya rubuto tarihin jiragen nan da sunayensu, Injiniya ya turo hoton ɗakin injin, Maman Ilham ta maimaita abin da ta faɗa yau in ta yarda, mu watsa. In akwai mai ɗan uwa a gidan rediyo ya kai musu. Ba riga ba hula ba shinkafar kwali

Malam Mai Tarihi: Na ɗauka. Amma Abba kai ma da aiki a gabanka, akwai gidan tarihin harkar teku a Albert Dock nan kusa da kai, kuma takardun Elder Dempster a garin suke. Ka bincika mana ko za a samu hoton Dan Fodio ko Ahmadu Bello. In ka je Landan kuma ka leƙa Tower Hill, akwai bangon da aka rubuta sunayen waɗanda teku ta ci ba kabari, wajen 12,000 na yaƙin farko da 24,000 na biyu, an jera su jirgi-jirgi. Ka nemo Abosso ka ɗauko mana hoto

Abba Liverpool: In sha Allah Malam. Gobe ma zan sake bi ta wajen ko zan ga dattijon nan, na yi wauta ban tambaye shi ko ya taɓa cin karo da jiragenmu a Apapa ba

Maman Ilham: Na yarda a sa maganata amma a cire zancen maƙwabciya, tana Facebook

Ɗan Yawuri: Hhhh. Jama'a an kira mu, an ba mu layi ƙarfe 4 za mu ɗaga anga dole in sauka ƙasa a tada inji. In kun ji ni shiru kwana 10 ko sama ba fushi na yi ba. Auta kar ka manta ka turo min takardunka

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya tsare ɗana. In ka hango wasu kwantena biyu shuɗaye a hanya ka ce musu Hajiya na jira, sallah ta kusa

Ɗan Yawuri: Hajiya tankar mai ce fa

Hajiya Mai Atamfa: Ko ma mene ne ka dai faɗa musu